Neman shawara: kofunan yumɓu na suna tsatsafo da ruwa

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gina kofunan shayi da yumɓu a gida, don sha'awa kawai. Ina gasa su a fili da kara da busasshen kashin shanu. Suna fitowa ja jawur, amma da na zuba ruwa sai gindin ya jiƙe, kuma mariƙin yakan tsage daidai mahaɗa. Ina mafita?

Baba Magini: Wa alaikumus salam 'yata. Tsatsafowar nan halin yumɓu ne, ita ke sa ruwan randa sanyi. Ki goge kofin da santsin dutse tun yana da ɗanshi har ya yi sheƙi, sannan da kin ciro shi daga wuta da zafinsa ki yayyafa masa ruwan makuba, wato na ɓawon ɗorawa. Zai ragu sosai, sai dai ba zai toshe gaba ɗaya ba. Mariƙi kuwa siriri ne, yana riga jikin kofin bushewa, sai ya ja ya tsage. Ki karce wuraren biyu, ki shafa kwaɓaɓɓen yumɓu mai ruwa-ruwa, ki manna, ki rufe da leda a inuwa. Iskar hunturu kada ta taɓa shi. Ki kuma daka tsingaro ki cuɗa a yumɓun.

Anti Rabi, Zariya: Gaskiyar Baba. Amma wutar kara da ƙyar take wuce digiri 800, tangaran kuwa sai wajen 1200 a tanderu yumɓunsa ke haɗewa ya daina shan ruwa. Irin wannan gashin aka koyar a cibiyar koyar da tangaran ta Suleja, inda Ladi Kwali ta jikin naira 20 ta shiga a 1954. Ki tuntuɓi masu karatun tangaran a ABU, amma su fara gwada gutsuren yumɓunki, don jan yumɓu yakan narke a wannan zafin.

Malam Sani: Hajiya, don Allah kada ki shafa fenti a cikin kofin da za a sha abu. Maganin ƙyallin tangaran ma ki tambaya ko da dalma a ciki, domin abu mai tsami irin zoɓo da kunun tsamiya yana jawo ta. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010.

Maman Hanifa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, ɓawon ɗorawar tafasa shi zan yi ko jiƙawa?

Baba Magini: Ki tafasa har ruwan ya yi duhu, ki tace, ki yayyafa da tsintsiya.