Na sa wa tsohon injin jirgi sababbin kayan wuta, in ya yi zafi sai silinda ɗaya ta mutu

Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina da tsohon injin kwale-kwale Evinrude mai doki 18, silinda biyu, irin na shekarun 1960 mai kwayil da kwantak da kondensa (kayan da ke ba fulogi wuta) a ƙarƙashin filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji. Na mahaifina ne, Allah ya jiƙan shi, da shi nake ƙetarar da mutane da buhunan albasa wajen dam ɗin Goronyo. Kwayil ɗinshi sun tsattsage, sai wani mai shago a cikin garin Sakkwato ya yo min odar sababbi, ba na kamfani ba: kwayil biyu, kwantak biyu, kondensa biyu. Rana ɗaya na ɗaura su duka. Da safe ja biyu ya tashi, amma in muka yi kamar minti 15 a ruwa sai ƙarfi ya faɗi, silinda ɗaya ta yi shiru. Jiya da gora muka ƙarasa gaɓa, mata na ta salati. Na cire fulogi na jingina da jikin inji, ga wuta ina gani. Mai shago ya ce kayanshi lafiya lau. Ta ina zan gane mai laifin?

Wani bakanike daga Kwannawa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, wutar da ka gani a bakin fulogi ba shaida ba ce. A sarari ko kwayil mai ciwo zai ba da ita, cikin silinda inda iska ta matse ne yake kasawa. Samo katako busasshe ka kafa ƙusa biyu, tsakanin bakinsu milimita 6. Ɗaya ka haɗa da wayar fulogi, ɗayar da jikin inji, ka ja igiya a inuwa. Mai lafiya zai tsallaka da wuta shuɗiya, har ka ji ƙas. In ja ce siririya, ko ta zo ta ɗauke, akwai magana. Ka gwada da sanyi, ka sake gwadawa daidai lokacin da ya fara iskancin nashi. Kuma nesa da tankin mai don Allah.

Wani matashi:
Yaya, anya ba kabureta ba ce? Man yanzu sai a hankali.

Bakaniken:
Kabureta ɗaya ke ciyar da silinda biyun. Da ita ce, da tare za su galabaita.

Wani dattijo mai jirgi daga Wurno:
Ɗana, kai ka ɗaure kanka, ka canza abu shida lokaci guda, yanzu wa za ka kama? Amma Allah ya taimake ka komai biyu-biyu ne. Fara da gano wace silinda ke mutuwa, ta sama ko ta ƙasa, fuloginta zai fito a jiƙe. Sai ka musanya kondensa biyun kawai, kar ka taɓa komai. In ciwon ya bi ta ya koma ɗayar silindar, ka kama ɓarawo. In bai motsa ba, ka musanya kwayil. Da wahala, don kowane karo sai ka cire filawil, amma da abin janye shi za ka cire, ban da guduma. Ka duba ɗan makullin da ke kan shaft, in ya goce lokacin wuta ya ɓaci ke nan. Gwajin kuma a cikin duro za ka yi shi, ruwa ya rufe famfon ruwan injin sosai, in ba haka ba robar famfo ta ƙone ka sayi wata wahalar.

Wani mai gyaran janareto:
Ƙari kan maganar Baba. Gibin kwantak inci 0.020 ne, wato rabin milimita. Sabon kwantak yakan zo da maiƙo a baki, ka ja farar takarda mai tsabta a tsakani har ta fito fes. Sannan irin waɗannan kwayil ba kullum suke zama daidai ba. Ƙarfen ƙafarsu ya yi daidai da gefen mazauninsu, in ya leƙo zai goga filawil, in ya shige ciki wuta ta yi rauni. Mitar awon wuta kuwa, auna kwayil biyun da ita ka kwatanta, su yi kusa da juna. Amma kar ka dogara da ita, wanda zafi ke kayarwa da sanyi lafiya zai nuna maka.

Mai tambaya, bayan kwana biyu:
Allah ya saka da alheri. Ta ƙasa ce ke mutuwa. Na musanya kondensa kamar yadda Baba ya ce, minti 12 a duro ta sama ta ɗauke. Na lalubo tsohuwar kondensar mahaifina a gwangwani na mayar, ya yi minti 40 bai yi tari ba. Gobe zan shiga ruwa ni kaɗai da gorata kafin in ɗauki kowa.

Dattijon:
Madalla. Ɗayar sabuwar ma uwarsu ɗaya, ka sa tsohuwar ta biyu a aljihu.