Bayan rasuwar maigida, wa ke tsayawa da tsohuwa?

Ɗiyar Inna: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da Baba ya rasu nike lura da wani abu ga Innarmu nan Mabera. Wata huɗu da kwana goma da ta yi tana takaba gida cike da dangin Baba, ana gama rabon gado sai ƙafa ta ɗauke. Wadda ba ta taɓa fashi ba ƙawarta ce tun ta ƙuruciya, Inna ta Kanwuri muke ce mata, ita mijinta na da rai amma kullum bayan la'asar sai ta hau kabu-kabu ta taho da 'yar furarta a kwano, su zauna bisa tabarma guda, wata rana ko magana ba su yi. Ku ya abin yake gidajenku?

Uwar Biyu: Allah shi jiƙan Baba. Mu namu abin dariya ne wallahi. Mamarmu da kishiyarta sun fi shekara 30 ba su ga maciji, da anka zo gado tumunin nan guda sunka raba tsakaninsu, kowa na jiran rigima. Yanzu ɗaki guda suke kwana a Runjin Sambo, ita ke tuna wa Mama maganin hawan jini. Yayana ya so ɗauke Mama zuwa Abuja, ta ce in ba da abokiyar zamanta ba babu inda za ta.

Hajiya Kaka: Ɗiyata, ni abin ga kaina ya faru. Ƙawayena masu maza sun ja baya sannu sannu, adashen da muke yi tare sunka ce a dakata da ni wai kar zubi ya yi min nauyi, ba wadda ta tambaye ni. Har akwai wadda ta daina kira na gidanta wai kar Alhajinta ya ƙyasa, ni da jikoki tara! A Islamiyya na samu wasu, yawancinsu zawarawa irina.

Uwar Biyu: Hajiya a yi musu uzuri, mai miji sai ta nemi izini kafin ta fita.

Hajiya Kaka: Waya ma sai da izini?

Ɗiyar Inna: Kai Hajiya! Bari in tashi, ga sallamar ta Kanwuri nan a zaure.