Me ya sa ba a soke x a wannan lissafin? Ku taimaka

Mai_neman_sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya iya aljabara ya taimaka min, jarabawa ta matso kuma abin nan ya tsaya min a rai. Ina cikin warware wata tambaya na iso kan (x + 6)/(x + 2), na ga x a sama ga x a ƙasa sai kawai na soke su, saura 6/2, na rubuta 3. Malaminmu ya ja min jan biro ya ce ba haka ba ne, amma a tambaya ta gaba shi da kansa ya soke x a 6x/2x ya samu 3. To ina bambancin yake? Wallahi ba haddar doka nake so ba, dalilin nake so in gane.

Malam_Lissafi:
Wa'alaikumussalam. Ɗan uwa tambayarka ta yi kyau, kuma kusan kowa sai ya faɗa ramin nan kafin ya gane. Fara gwadawa da lamba. Sa x = 2, sama zai zama 8 ƙasa 4, amsa 2 kenan ba 3 ba. Sa x = 10, ka samu 16/12. Ka ga amsar tana canjawa, to ta yaya za ta tsaya a 3? Amma kar ka gwada da sifili, don a nan x = 0 zai ba ka 3 daidai, ya ruɗe ka ka ɗauka ka yi daidai.

Abin da muke kira sokewa fa ba goge harafi ba ne, raba sama da ƙasa ne da abu guda. A 6x/2x ai 6 sau x ne a kan 2 sau x, x ɗin ya ninka duk abin da ke sama da duk abin da ke ƙasa, shi ya sa in ka raba da shi yake fita lafiya. Naka kuwa tarawa ce ta haɗa x da 6, in za ka raba sama da x dole 6 ɗin ma ka raba shi, ba za ka ɗauke x ka bar 6 yana zaune yadda yake ba. Don haka (x + 6)/(x + 2) ya riga ya kai ƙarshe, a nan ake ajiye biro.

Yar_aljabara:
Malam Allah ya ƙara basira. Bari in ɗan ƙara, ni abin da ya taimake ni shi ne ba na soke komai sai na fara mayar da sama da ƙasa cikin baraket. Ɗauki (x² − 9)/(x² + 5x + 6). Ido zai so ya soke x² da x², kar ka yarda. Sama dai (x − 3)(x + 3) ne, ƙasa kuma ka nemi lambobi biyu da in ka ninka su 6 in ka tara su 5, wato 2 da 3, sai ya zama (x + 2)(x + 3). Yanzu baraket ɗin (x + 3) gaba ɗayansa ne zai tafi, saura (x − 3)/(x + 2). Gwada da x = 4, na farko 7/42, na biyu 1/6, duk ɗaya.

Mai_neman_sani:
Kai na gode sosai, yanzu kam ya shiga. Yaya to in na haɗu da (x − 5)/(5 − x) fa? Baraket ɗin sun yi kama amma a juye suke, a bar shi haka ko?

Yar_aljabara:
A'a wannan yana sauƙaƙuwa. 5 − x daidai yake da −(x − 5), sai ka soke ka samu −1. Sa x = 7 ka gani, 2 a kan −2.

Malam_Lissafi:
Haka ne. Sai abu ɗaya da ɗalibai ke yawan mantawa, ba a raba lamba da sifili, kuma sokewa ba ta cire wannan sharaɗin. A misalin 'yar uwarmu ka rubuta a gefe cewa x ba zai zama −3 ko −2 ba, ko da yake (x + 3) ya ɓace daga amsar, a naka na ƙarshe kuma x ba zai zama 5 ba. Ga guda ka gwada ka turo mu duba: (2x² − 8)/(x² − 2x). Fara fitar da 2 daga sama tukuna.