Abin da masana suka ce kan sikuta mai aiki da lantarki, mai inji biyu, a titunan Katsina

Bakin masu gyara da mahaya ya zo ɗaya kan tashi: kada a murɗa wuta gaba ɗaya daga tsaye. Injin gaba da na baya suna ja tare, nauyin mutum kuma yana komawa baya, sai tayar gaba ta yi ta juyawa a banza, musamman kan yashin da iska ke tarawa gefen kwalta wajen Kofar Ƙaura. A tashi da inji ɗaya, a kunna na biyun bayan an daidaita. Tun da a tsaye ake hawan sa, a sa ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Wajen birki a ja jiki baya, in ba haka ba mutum ya kifa.

Sun fi daɗewa kan batir. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, don haka a bar shi ya huce kamar minti 30 a inuwa kafin caji. In da janareto ne, a haɗa da sitabilaiza. Inji biyu na shan caji da sauri. Wanda ya nufi Daura da shi, wajen kilomita 80, ya sake lissafi.

Rawar kan sikuta a guje kuwa, yawanci notin wuya ne ya saki ko iskar taya ta ragu. A duba su duk mako.