Tausa tana canza tantanin ƙasan baya kuwa, ko dai daɗi kawai ake ji?

Musbahu: Assalamu alaikum. Masu tausa kan ce suna "warware" tantanin nan mai kauri da ya lulluɓe tsokar ƙasan baya, wanda likitoci ke kira fashiya. Da gaske hannu ko ƙwallo zai iya canza shi? In ba zai iya ba, sauƙin da ake ji bayan tausa daga ina yake?

Binta Fisiyo: Wa alaikumus salam, Malam Musbahu. A miƙe shi da hannu kamar roba dai ba ya yiwuwa. Saƙar zaren kolajin ce, wato furotin da ke ba fata da jijiya ƙarfi, mai taurin gaske. A 2008 wani mai bincike, Chaudhry, da abokan aikinsa sun lissafa nauyin da za a ɗora wa tantani mai kauri irin na gefen cinya kafin ya lotsa da kashi 1 cikin 100 kacal, sai ga shi ya haura kilo 900. Ina yatsa zai kai nan?

Amma tantanin hawa-hawa yake, kuma tsakaninsu akwai wani ruwa mai yauƙi da ke sa su zame wa juna in ka sunkuya. A 2011 wata likita mai bincike, Helene Langevin, ta yi wa mutum 121 sikanin, ta ga wannan zamewar ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a masu daɗaɗɗen ciwon baya. Ɗumi da motsi kan tsinka ruwan, wurin ya ɗan saki. Sauran aikin na jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ne: tantanin cike yake da su, dannawa a hankali tana sa ƙwaƙwalwa ta sassauta tsoka, zafi ya lafa. Shi ya sa sauƙin ke zuwa nan take, kuma bai cika daɗewa ba.

Malam Sabo: Ga yadda ake yi a gida. Jingina da bango, ka sa ƙwallon tanis a gefen ƙashin baya, tazarar yatsu biyu zuwa uku daga tsakiya. Kada ka ɗora a kan ƙashin. Danna har zafin ya kai 4 ko 5 cikin 10, ka tsaya daƙiƙa 30 zuwa 60 kana numfashi a hankali, sannan ka matsa. In ka ji kana riƙe numfashi ko cije haƙora, ka wuce gona da iri, tsoka ƙara ɗaurewa za ta yi. Kada ka bar ɗuwawu da faffaɗar tsokar da ta sauko daga ƙarƙashin hamata, don duka a jikin tantanin suka kama. Robar birgima kuwa, wato doguwar robar nan mai kama da gungume da ake mirgina jiki a kai, kada a kwanta a kanta a daidai ƙugu. Babu haƙarƙarin da zai tare nauyi a wurin.

Da ka gama, ka yi motsi tun wurin yana sake: durƙusa da hannu da gwiwa, ka ɗaga baya ka saukar sau 10, sai tafiyar minti 10.

Musbahu: To ke nan tantanin ba ya taɓa canzawa?

Binta Fisiyo: Yana canzawa, sai dai a hankali ƙwarai. Kolajin watanni yake ɗauka kafin ya sabunta, kuma ɗaukar nauyi daidai ƙarfi, sau biyu ko uku a mako, ke sa shi. Tausa dama ce take ba ka ta yin atisayen ba tare da zafi ba. Mai raunin ƙashi ko mai shan maganin tsinka jini ya guji dannawa da ƙarfi. In kuma ciwon ya zo da rashin ƙarfi a ƙafa, zazzaɓi, mutuwar jiki tsakanin cinyoyi ko kasa riƙe fitsari, a ajiye ƙwallon a tafi asibiti a ranar.