Muhawara: "wasa nake yi" na iya fid da mutum a gaban alƙali?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum. Yaran da ke ɗaukar bidiyon tsokana don TikTok sun yi yawa cikin garin Sakkwato, daga unguwar Mabera har Runjin Sambo. Wani ya ɓoye mashin ɗin ɗan kabu-kabu, wani ya jefa macijin roba cikin shago. Da'awarsu ita ce babu niyyar laifi, don haka babu laifi. Masana, ku warware mana.

Barista: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, sun fahimci niyya a karkace. Abin da kotu ke tambaya shi ne, ka yi aikin da gangan, kuma ka san abin da zai iya haifarwa? Neman dariya dalili ne kawai. Wanda ya jefa macijin roba tsoratarwar ya nufa, ita ce ma wasan. A dokar hukunta laifuka ta Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960, ko ba ka taɓa mutum ba, motsin da ya sa ya ji za a far masa laifi ne. Idan mai shago ya zabura ya faɗi ya karye, an koma maganar rauni. Idan mai hawan jini ne ya cika, magana ta zama ta rai.

Magatakardar kotu mai ritaya: Barista, ban yarda duka ba. Ɓoye mashin na minti goma ba sata ba ce, tunda babu nufin cin dukiyar. Kuma dokar ta san yarda: baligin da ya amince da wasan da ba a nufi kisa ko mummunan rauni da shi ba, ba shi da ƙara. In ba haka ba, da kokawa da wasan taubasai duk sun zama laifi. Bagobiri da Bayarabe suna yi wa juna tsiya tun kaka da kakanni, wa ya kai wani kotu?

Barista: Baba, ai ka kawo hujjata da kanka. Taubashi ya san dokar wasan, ya yarda da ita. Baƙon da aka tare a bakin Babbar Kasuwa bai yarda da komai ba. Batun mashin kuwa, a wannan doka sata ba ta buƙatar nufin raba mutum da kayansa har abada. Ka kawar da shi ba da izini ba don ka jawo masa asara, ko ta ɗan lokaci ce, akwai abin tuhuma. Ɗan kabu-kabun da ya rasa lodin safe ya yi asara.

Magatakardar kotu mai ritaya: Akwai abin tuhuma, na yarda. Tabbatarwa kuma wani aiki ne, galibi a sulhu ake ƙarewa.

Malamin fiƙihu: Allah Ya saka. A Shari'a maganar a fili take. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai suna tafiya, wani ya yi barci, aka ɗauke igiyarsa ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsoratar da Musulmi ba. Ya kuma hana ɗaukar kayan ɗan'uwa, da wasa ko da gaske. Ƙa'idar malamai ita ce ganganci da kuskure ɗaya suke a dukiyar mutane: ka tura abokinka ruwa da waya a aljihu, biya ya hau kanka. Rai ya salwanta, ko an ɗauke shi kuskure, akwai diyya da kaffara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu "sakin wasa" don su ɗauki kukan matansu. Aure, saki da kome (mai da matar da aka saka), wasansu gaske ne. Sakin ya auku, kyamara ba ta ɗaure igiyar da ta tsinke.

Tsohon ɗan sanda: Allah gafarta Malam, bari in ƙara yadda abin ke tafiya. Mai ƙorafi ya je caji ofis, a rubuta bayani, a karɓe wayar. Bidiyon da yaro ya ɗauka da hannunsa shi ne shaidar farko a kansa, da fuskarsa da muryarsa, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta karɓi irin wannan. Tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin awa 24, ko 48 idan babu kotu cikin kilomita 40. Daga nan sai majistare ko kotun Shari'a, sai neman mai tsaya masa beli. Sanya kakin ɗan sanda don tare mutane laifi ne mai zaman kansa, haka kai wa hukuma rahoton ƙarya.

Mafi muni shi ne wasan garkuwa da mutane. A jihar da mutanen Isa da Sabon Birni ke kwana da fargabar 'yan bindiga, ka kira uwa ka ce an ɗauke ɗanta? Ko ka rufe fuska ka fito da bindigar roba? Jama'a na iya gamawa da kai kafin motar 'yan sanda ta iso.

Barista: Kuma in an ɗora a intanet, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ya kama saƙon ƙarya da aka yaɗa don tada hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Sannan wanda aka kunyata na iya neman diyyar ɓata suna daban.

Wata malamar makaranta: To Barista, idan wanda aka tsokana ya yi dariya daga baya ya ce ya yafe fa?

Barista: Hajiya, a ƙananan laifuka yafiyarsa na iya kashe maganar, amma a rubuta, a sa shaidu, a nemi izininsa daban kafin a ɗora bidiyon. Idan an kai ga rai ko tada hankalin gari, ƙarar ta hukuma ce, ba shi da ikon janye ta.