Ina za mu kafa murhun Inna? Neman shawara kan madafin bayan gida

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, domin ranar Asabar magini zai fara aiki.

Wata huɗu ke nan da tarewarmu a sabon gida nan Kano. Akwai kicin a ciki, amma ɗan tsurut ne, ko manja na soya sai ƙauri ya cika falo. Tare muke zaune da surukata, Inna, ita kuwa ba ta cin tuwon gas, sai na itace. A tsakar gida take kafa duwatsunta uku, da an fara yayyafi mu kwashi tukwane a guje. Shekaran jiya saura kaɗan talge ya zubo mata a ƙafa, abin ya tsaya min a rai.

Maigida ya amince a gina mana madafi a filin da ya rage a baya, ƙafa 12 tsawo, ƙafa 10 faɗi. Gabas da arewa katanga ce. Yamma bangon ɗakin kwananmu ne, da tagarsa. Kudu a buɗe yake, yana kallon famfo. Murfin sokawe na gindin katangar arewa, kusa da tagar.

Magini ya ce a ja kantar girki layi ɗaya a jikin bangon ɗakinmu, ya fi sauƙin kuɗi. Ni kuma raina ya biya da wanda na gani a hoto, kanta ta zagaye ɓangare uku, an shafe ko'ina da tayil. Zan riƙa amfani da gas da kurfoti, Inna da itace, ga turmi. Yaya zan tsara?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya saka miki da kika fara tuna surukarki. Wancan na hoto, masu shi ba sa tuƙa tuwo. Kanta mai kai wa ƙugu ta yanka albasa ce da ɗora ƙaramar tukunya. Tukunyar tuwon mutum goma kuwa sai a ƙasa, inda mace za ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, ta dafe tukunya da tsumma, ta samu ƙarfin juya muciya. In kin ɗaga murhun sama, wallahi sati ɗaya Inna za ta koma tsakar gida da duwatsunta. A gina mata shi ƙasa-ƙasa, kada ya wuce gwiwa har da tukunyar, a bar fili a gabansa na tura dogon itace.

Kafin a sa bulo ko ɗaya, ɗebi toka ki zana tsarin a ƙasa, ku yi girki a cikin zanen kwana biyu. Ƙafarku za ta nuna muku inda aka yi kuskure.

Magini daga Zariya:
Hajiya, da izininki in sa baki, aikina ne. Maman 'Yan Biyu, kada ki yarda a jingina wuta da bangon ɗakin kwana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, duk hayaƙin da ya tashi a filin nan wajen tagarki zai nufa. Labule, katifa, kayan sawa, duk sai sun ɗauki warin hayaƙi, ga zafin bango da daddare.

Filinki ya yi kyau, domin hadari a ƙasarmu galibi daga gabas yake tasowa, kuma katanga ta riga ta tare miki can. Ni dai da tsarin kusurwa zan bi, kamar harafin L. Murhun itace a lungun da katangar gabas ta haɗu da ta arewa, ya yi nisa da taga. Kantar gas ta bi katangar gabas ta yi kudu, wurin wanke-wanke a ƙarshenta, kusa da famfo, don kada a ja dogon bututu. Ta arewa a yi ɗan dakalin ajiye itace da gawayi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da kunama, amma ya tsaya kafin ya kai murfin sokawe. Kada a ɗora komai a kan murfin nan, wata rana sai an buɗe shi an kwashe.

Kanta santimita 85 zuwa 90 tsayi, faɗi ƙafa 2. Saman murhu a sa bututun hayaƙi ya zarce rufi, a kuma bar tazara tsakanin katanga da kwano. Daɓe ya ɗan gangara zuwa kwata.

Amaryar Bara:
Anti, ni fa mai ɓangare uku gare ni kuma ina jin daɗinsa, komai na kusa da hannu, ba na zirga-zirga. Sai dai gaskiya ni kaɗai nake shiga, kuma gas kawai nake kunnawa. Tayil ɗin ƙasa ne ban ba ki shawara ba. Ranar da miyar kuɓewa ta ɗiga na taka, sai da na yi sati ina ɗingishi. Ki sa tayil a saman kanta da bango, ƙasa a bar shi siminti mai kaushi.

Inna Mai Waina:
Kowa ya manta da turmi! Maƙwabciyata an yi mata rufi gajere, ranar farko da ta ɗaga taɓarya sai ji muka yi ƙwaram, ta lotsa kwano. Har yau a waje take daka, rana ko ruwa. Ki ce mafi tsayi a gidanku ta ɗaga taɓarya iya ƙarfinta, a auna, a ƙara kamu biyu. Rufi mai tsayi ma ya fi sanyi, kin san zafin kwano a watan Afrilu. Kuma turmi ya samu gurbinsa a bakin madafi, nesa da bangon ɗaki, kada lugude ya tashi maigida daga barcin rana.

Malamar Asibiti:
'Yar uwa, magana biyu gare ni, ina roƙon ki riƙe su. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa, ga murhun Inna a ƙasa. Don haka tukunyar gas ta zauna can ƙarshen kudu, a tsaye, a inuwa, kuma kada a kulle ta cikin durowar da ba ta da huji ta ƙasa. Na biyu, in sanyi ya zo kada a toshe ɓangaren kudu da leda ko buhu a hura gawayi a ciki. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri. Tunda kina da 'yan biyu, a sa gajeriyar ƙofa mai sakata a mashiga. Ƙunar da muka fi gani ta yara masu rarrafe ce.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na yi zanen toka jiya da la'asar. Inna ta ɗauko kujerarta ta zauna a lungun, ta miƙa hannu hagu da dama, ta ce a matsar da dakalin itace taku ɗaya, ya yi mata kusa da wuta. Da na tsaya inda kantar gas za ta kasance sai na ga muna iya hira ba tare da hayaƙinta ya shigar min ido ba. Na haƙura da mai ɓangare uku, L ɗin za a yi, kuma maigida ya yarda a ƙara tsayin rufi.

Saura abu ɗaya, Malam magini: bututun hayaƙin nan, na ƙarfe za mu saya ko da bulo za a gina shi? Ina so in san abin da zan faɗa wa namu kafin Asabar.